Kwancin da Muka Yi Ni da Kaza

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke wajen Kusasu, an yi wani wawa da ya kusa gurguncewa saboda kaza. Kada ku wahalar da kanku wajen neman ko wane ne. Shi ne yake rubuta muku wannan da yatsa ɗaya yana gyara tabarau. Na faɗa da bakina tun da wuri, domin in na bari uwargida ta riga ni, sai ta ƙara gishiri.

Ku sani ni ba ƙaramin mutum ba ne a fagen ilimi. Na yi firamare har aji huɗu kafin mahaifina ya lura gona ta fi makaranta buƙatata. Da wannan aji huɗun na shekara arba'in ina karanta wa mutanen unguwa takardar magani, ina ce musu ɗaya da safe ɗaya da yamma, ko da abin da aka rubuta ya fi ƙarfina. Abokina, wani tsohon malamin makaranta mutumin kudancin Kaduna, wanda ya zo koyarwa tun muna samari ya ƙi komawa, shi ya laƙaba mini Farfesa. Shi da ba'a yake faɗa, ni kuwa da gaske nake amsawa. Ni kuma Ticha nake ce masa. Yana ɗingishi, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, tun wata karaya da ya yi a ƙuruciya aka ɗora shi ya kwanta wata huɗu.

Da kaka ne abin ya faru. Mun gama zuba dawa a rumbu, saura ɗora jinka. Uwargida ta ce, "Malam, ka bari yara su dawo daga gona su hau." Na ce mata tun ba a haifi yaran ba nake hawa rumbu. Na hau. Tsani ya ga abin da ban gani ba, ya zame ya bar ni. Da na dira, sai na ji ƙas a ƙuguna na dama kamar an karya busasshen kara. Na yi yunƙurin tashi don kada mata su gan ni a ƙasa, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Aka kira sarkin ɗorin yankinmu, mutumin da ya gaji aikin daga kakansa, wanda rabin hannuwan ƙauyen nan shi ya mayar da su mazauninsu. Ya tsuguna, ya dubi yadda ƙafar ta gajarce ta juya waje, ya ɗan taɓa sau biyu, sai ya mayar da karan ɗorinsa cikin jaka.

"Farfesa, wannan ba tawa ba ce," in ji shi. "Can ciki take, inda cinya ta haɗu da ƙugu. Kara ba ya kaiwa nan."

Na ce, "Sarki, yau kai ne kake gudun karaya?"

Ya ce likitocin ƙashi sun taɓa tara su a Birnin Gwari, suka zauna tabarma ɗaya, suka nuna musu irin wadda za su iya da irin wadda in suka riƙe sun cuci mai ita. Ya ce, "Da can ina riƙewa. Tsofaffi nawa na ɗora a nan wurin, ban ga wanda ya koma gona ba. Ku kai shi Kaduna, kada ku ɓata lokaci."

To, nan ilimina ya motsa. A wajenmu akwai al'ada tun ta kakanni: in za a ɗora mutum, sai a kamo kaza a karya mata ƙafa, a ɗora ta tare da shi. Ranar da kaza ta taka, ranar ƙashin mutum ya kama. Kafin nan ko ƙasa ba ya taɓawa. Na lissafa a raina cewa mai hankali ba ya fita da takalmi ɗaya. Zan karɓi na asibiti, in haɗa da na gida, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Na kama rigar sarkin ɗori na ce ba za a ɗaga ni daga nan ba sai ya yi mini alkawarin kaza. Ya dube ni, ya dubi uwargida, ya ce, "Na ji. A kamo waccan wake-waken." Ina jin kukanta a bayan ɗaki aka cicciɓe ni, hankalina kwance.

Washegari muka bi ayarin motocin da jami'an tsaro suke rakawa ta cikin daji, ni a kwance kan katifa a bayan mota, Ticha a gefena domin shi ne mai Turanci na gaske. Kowane rami na hanyar nan sai da ya gaishe ni.

Asibitin ya ba ni mamaki, kuma na ji haushin mamakin, don na taho da shirin ƙorafi. Ni na san a da in an kai tsoho da irin wannan karaya, sai a rataya masa nauyi a ƙafa ya yi ta kallon rufi har ya manta sunan jikokinsa. Ni kuwa a ranar aka ɗauki hoto, aka auna jini, aka saurari ƙirji, kwana biyu aka ce gobe da safe aiki. Likitan ya nuna mini hoton, ya ce za su sa ƙarfe ya riƙe ƙashin ta ciki, kamar yadda kara yake riƙewa ta waje.

Da safen wata ma'aikaciya ta tambaye ni sunana da ƙafar da za a yi wa aiki. Na faɗa. Likita ya zo ya zana alama a cinyar da alƙalami. A ƙofar ɗakin tiyata wani ya sake tambaya. A ciki ma aka sake. Na ce, "Jama'a, in kun manta sunan nawa ku rubuta mana, ni aji huɗu na yi amma ba na mantuwa haka." Suka yi dariya. Likitan ya ce, "Baba, gara mu dame ka da tambaya da mu gyara ƙafar da ba ta karye ba." Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma da na tuna sai na so su tambaya sau goma.

Aka yi mini allura a baya, rabin jikina ya tafi hutu. Idona biyu ina jin ƙwanƙwasa kamar a maƙera. Kafin azahar an dawo da ni gado.

Kwana ɗaya tak da aikin, sai ga wata yarinya 'yar siririya, sa'ar autata, ta turo wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ta ce ita ce ta sashen gashin ƙashi, masu koya wa gaɓoɓi aiki bayan an gyara su.

"Baba, sannu da jiki. Yau za mu tashi."

Na ce, "'Yata, ki duba takardarki da kyau. Jiya aka yanka ni."

"Na sani, Baba. Shi ya sa yau."

Na fara karanta mata dokar ɗori tun daga farko. Ta saurara har na gaji, sannan ta ce, "Ƙarfen da ke ciki ya riga ya riƙe. Abin da muke tsoro yanzu ba karayar ba ce, kwanciyar ce. Tsoho in ya daɗe a kwance ƙirji ya cika, baya ya yi miki, gwiwa ta sandare. Kuma ga wani dattijon a ƙasa yana jiran gadon nan." Ta tambaye ni me na fi so in koma yi in na warke. Na ce in taka da ƙafata zuwa masallaci, in tsaya a sahun gaba inda na saba, in kai goshina ƙasa kamar kowa. Ta ce, "To, hanyar masallacin daga bakin gadon nan ta fara."

Kunya ce ta tashe ni, ba imani ba. Ticha na riƙe da kafaɗa ɗaya, ita da ɗaya, na miƙe. Duniya ta juya sau biyu ta tsaya. Na yi taku uku. Washegari na kai ƙofa. A kwana na biyar da aikin na je banɗaki da kaina, ina tura ƙarfen nan ina gaisawa da mutane kamar mai neman ƙuri'a. Aka sallame ni da magunguna, da takarda mai zanen mutum yana ɗaga ƙafa yana lanƙwasa gwiwa. Da yake hanyarmu ba ta zirga-zirga ba ce, yarinyar ta karɓi lambar wayata ta ce za ta riƙa kira duk Litinin da Alhamis ta ji yadda nake.

Da a nan labarin ya ƙare, da ban sami abin rubuta muku ba.

Muna isa gida, kafin in sha ruwa, na tambayi kaza. Aka nuna mini ita daga ƙofar ɗakina: can ƙarƙashin rumbun da ya kayar da ni, a kwance, ta baje fukafukai, ko motsi ba ta yi. Kwana goma da ɗori kaza ba ta taka ba, ni kuwa ina can ina yawo a kan ɗanyen ƙashi! A take na ji wani tsuki a ƙugu wanda ban ji a mota ba. Na sa aka shimfiɗa mini katifa daidai inda zan riƙa hango ta, na kwanta, na yi shela cewa ƙafata ba za ta sake taɓa ƙasa ba sai ranar da kazar nan ta tashi.

Uwargida ta riƙe haɓa. "Malam, kazar nan fa ƙwai take kwance a kai."

Na ce, "Kazar da aka karya wa ƙafa, ta ina ta sami sukunin ƙwai?"

"Tashi ka zo ka gani."

"Wato in taka in je in gani? Na gane dabararki. Kin haɗa baki da 'yar asibiti."

Ta tafi ta dawo da ƙwai ɗaya mai ɗumi a tafin hannunta. Na ce maƙwabta ma suna da kaji, kuma murhu yana ɗumama ƙwai. Ta ce kullum da sassafe kazar tana fitowa ta yi tsince ta koma. Na ce abin mamaki, sai lokacin da nake barci take wannan tafiya? Ta mayar da ƙwan, ta ce, "To, Allah ya ba ku lafiya kai da 'yar'uwarka."

Ƙarfen dogarawa ya koma wurin shanya zane. Takardar zane kuwa na ninke ta ina fifita da ita. Ranar Litinin waya ta yi ƙara.

"Baba, yaya tafiya?"

"Alhamdu lillahi, 'yata. Yanzu na dawo daga zagaye gida karo na uku."

"Madalla! Gwiwa tana lanƙwasuwa?"

"Kamar ta ɗan tsere."

Uwargida tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce, "Allah dai yana gani." Na toshe wayar da hannu na ce rediyo ne.

Ticha ya zo ranar Lahadi bayan ya taso daga coci. Bai zauna ba. Ya tattare wandonsa ya nuna mini gwiwar nan tasa da ta shekara arba'in ba ta durƙusa ba.

"Farfesa, kalli nan. Ƙashina ya kama tun a wata na biyu. Kwanciyar ce ta yi mini wannan. Ni a lokacina babu wanda ya ce in tashi. Kai an ce ka tashi, har waya ake bin ka da ita, kana jiran izini daga abin miya."

Na ce masa ilimin ɗori daban, ilimin alli daban. Ya ce, "In ka sandare, ni ba zan iya ɗaukarka ba, ƙafa ɗaya da rabi gare ni." Ya fita yana ɗingishi, bai ko taɓa furar da aka kawo masa ba. Wannan ya ɗan taɓa ni, amma na juya na dubi kaza, na ga tana nan daram, na ce ai ga shaida.

Haka na yi kwana goma sha uku. Tari ya fara zuwa mini. Bayana ya fara zafi a inda yake gugar katifa. Sallah a kwance, da ishara. Duk na ɗora laifin a kan tafiyar da aka sa ni a asibiti.

Rana ta goma sha huɗu da hantsi, ina kallo da idona, kaza ta miƙe. Ta girgiza jiki, ta tako tsakar gida ƙafa biyu lafiya lau, tana ƙoƙ-ƙoƙ. Na ɗaga hannu na ce, "Allahu akbar! Ɗori ya kama! A kawo mini ƙarfena!" Ban rufe baki ba sai na ga wasu ƙananan abubuwa suna mirginowa a bayanta. 'Yan tsaki. Na ƙirga su don in tabbata ba zazzaɓi ba ne. Tara.

Uwargida ta taso. Ta kwashe zannuwanta daga kan ƙarfen, ta ajiye shi a gabana. Na dafa, na yunƙura. Ƙafar da ta kai ni banɗaki a Kaduna ta ƙi. Gwiwa ta tsaya kamar taɓarya, cinyar ta zube ta zama kamar hannu, mai lafiyar ma rawa take yi. Na sake yunƙurawa, na koma daɓas. A nan dariya ta ƙare mini. Na hango masallaci a raina, taku ɗari biyu daga ƙofata, na ga ya yi mini nisan Makka. Na dubi uwargida, na ga ita ma idonta ya kawo ruwa.

Aka kira sarkin ɗori. Ya dawo ke nan daga wani aiki a wajen Tabanni, bai san abin da nake ciki ba. Da ya ji, sai ya dafe kai.

"Farfesa, ni ban karya kazar nan ba. Na daina wannan tuntuni. Kara na ɗaura mata da tsumma don hankalinka ya kwanta ka yarda a tafi da kai. Kuna fita na kwance mata shi."

Na ce, "To kukan da na ji fa?"

Ya ce, "Kai in aka kama ka ba shiri, waƙa za ka yi?"

Hausawa sun ce rashin sani kaza ta kwana a kan dami. A gidana kazar ta san abin da take kwance a kai. Mai gidan ne bai sani ba.

Ranar Alhamis ce, waya ta yi ƙara. Uwargida ta riga ni ɗauka, ta zayyane komai tun daga rumbu har 'yan tsaki, ba ta rage mini ko tsumman rufe fuska ba. Na jira faɗa. Sai kawai yarinyar ta ce a ba ni.

"Baba, da ka gaya mini maganar kazar tun muna tare, da mun zauna mun yi ta. Ni ma ban tambaya ba. Yanzu ba a makara ba, amma aikin ya ƙaru. Ku taho da ayarin gobe."

Muka koma. Hoto ya nuna ƙarfe na nan inda aka sa shi, ƙashi yana kamawa abinsa, bai taɓa jiran kowa ba. Aka wanke mikin baya, aka ba ni maganin ƙirji. Wannan karon da uwargida aka je, kuma ita yarinyar ta koya wa aikin: inda za ta riƙe, yadda za ta tura gwiwa, inda za ta tsaya. Ban taɓa ganin ɗaliba mai ƙwazo irinta ba. Safe da yamma tana lanƙwasa ni, ina kiran sunayen Allah, tana cewa, "Saura biyar." Ina zargin wasu biyar ɗin na tsofaffin laifuffuka ne.

Ticha ya dawo da kansa ba tare da an ba shi haƙuri ba. Kullum da safe sai ya zo mu fita, shi da ɗingishinsa ni da ƙarfena, yau zuwa zaure, jibi zuwa gindin tsamiya. Mutane suna cewa ga motoci biyu marasa taya sun fito gwaji. Daga ƙarfe na koma sanda. Ranar da na fara isa masallaci, shi ya raka ni har ƙofa ya zauna a kan dakali yana jira. Na yi wata guda ina sallah a kan kujera a ƙarshen sahu. Sai da damina ta faɗi sannan na tsaya a sahun gaba, na sunkuya, na kai goshina ƙasa. Na daɗe a sujadar nan har na kusa da ni ya taɓa ni ya ji ko da rai. Abin da aka ce zai ɗauke ni makonni ya ɗauke ni watanni, kuma bambancin nan ni na saya wa kaina.

Yanzu in na waiwaya, abin da ya fi tsaya mini shi ne kowa a labarin nan ya yarda ya koyi sabon abu sai mai aji huɗu. Sarkin ɗori, da sarautarsa da gadonsa, ya iya cewa wannan ba tawa ba ce. Likita da mutanensa ba su ji kunyar tambayata sunana sau uku ba. Yarinyar nan, na ji daga baya, duk tsohon da za ta sallama yanzu sai ta tambaye shi ko akwai abin da yake jira a gida kafin ya taka. Ba na zagin al'adar kakanni. Su ba su da ƙarfen sawa a ciki, ba su da hoto, kaza ce agogonsu, kuma da ita suka hana mutane gaggawa. Laifina shi ne an ba ni sabon gyara na auna shi da tsohon agogo. Tun daga nan mutum biyu sun karye a ƙugu a yankinmu, kuma ni ne nake zuwa in tsaya a kansu in ce su tashi. Suna jin maganata, don na fi kowa takardar shaida.

Sai dai hali zanen dutse. Kwanan baya baƙi suka zo, ana cin tuwo, aka tado zancen. Na gyara zama na ce in aka duba da idon ilimi, ba za a ce na yi kuskure gaba ɗaya ba, domin ko ba komai ranar da kaza ta tashi ranar na nemi ƙarfena, kuma ga shi yau ni da ita duk muna tafiya. Baƙi suka fara gyaɗa kai. Uwargida tana zuba miya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce:

"Ita da ta yi kwanci ta tashi da 'ya'ya tara. Kai da ka yi naka, Malam, me ka ƙyanƙyashe?"